Wuta Ba Ta Manta Hanya

Ƙarfe biyun dare a Marinha Grande.
Teku na can bayan daji tana huro numfashi mai gishiri,
ni ina ɗakin gwaji, na kashe fitila,
don sai a duhu wuta ke faɗin gaskiya.

Murfin kwayil, baƙi wuluk, ɗumin zubi bai sake shi ba,
sumul kamar ƙwai, ba tabo ba tsaga.
Na ɗora shi, na danna maɓalli.
Bolt dubu talatin.
Aikinsa ɗaya ne tak a duniya:
ya ce wa wuta bi nan, kada ki bi can.

Na farko shiru. Na biyar shiru.
Na tara, tas!
Shuɗin zare, bai kai kaurin gashi ba,
ya tsallake daga ƙusar tagulla ya faɗa gefe.

Na ɗauko zarto na raba shi biyu.
Daidai inda narkakkiyar roba ta kewaye ƙusa
ta sake gamuwa da kanta, kamar kogi a bayan tsibiri,
ga kogo, ƙwayar riɗi ta fi shi.
Laimar teku ce ta saɗaɗa cikin buhu,
ta kwana a tsakanin ƙwayoyin roba,
aka narka su tare,
ta zama tururi, ta gina ɗaki ta rufe ƙofa.

Belmiro ya shigo da kofin gahawa, ido jawur.
Na ce, takarda ta ce a busar awa huɗu.
Ya ce, biyu na ba su,
tirela na bakin ƙofa tun faɗuwar rana,
direban ya ƙarar da sigarinsa, ya fara cin nawa.
Ɗaya cikin tara, Ermelinda. Takwas fa lafiya lau.
Na ce, takwas ba su tona kansu yau ba,
iyakar sanina ke nan.

Wuta ba ta manta hanya.
In ta ƙetare sau ɗaya sai ta bar gawayi,
gawayin ya zame mata turba,
gobe ta bi ba sallama,
jibi ta faɗaɗa,
har wata safiya mai raɓa a tsakiyar mararraba:
fulogi na jiran baƙuwa,
baƙuwa ta sauka wani gida.

Na manna jar takarda a kwali arba'in da uku.
Tirela ta tashi da rabin ciki.
Har gari ya waye Belmiro da injin yake magana, ban da ni.

Shida da rabi.
Filin ajiye motoci ya jiƙe, ba a kuwa yi ruwa ba.
Tsohuwar motata ta yi tari,
ta sake tari,
ta yi shiru.

Na ɗaga bonet, na goge murfin da hannun rigar aiki.
Ga baƙin layi kamar an ja da fensir,
ga ɗan hatimi a gefensa: 17.
Lambata ce.
Shekara goma sha ɗaya ke nan da hannuna ya ce masa wuce.
Ban tuna daren ba.
Wataƙila daren da ɗana Fausto ya kwana da zazzaɓi,
wataƙila daren da ba komai,
na gwada takwas, na gaji, na yarda da na tara.

Na ji taku a bayana.
Belmiro ne, da injin hura iska mai zafi,
yana jan doguwar waya tun daga ɗakin maigadi.
Bai dubi hatimin ba, ko ya duba ya haɗiye.
Ya durƙusa, ya saita bakin injin a kan murfin.

Ya ce, minti nawa?
Na ce, sai ya bushe.

Muka tsaya, mu biyu, raɓa na sauka a wuyanmu,
ba wanda ya dubi agogo.